Yadda Ake Kai Iyali Hutu Tsibirin Zanzibar Daga Zariya

Tambayar da ke yawan zuwa daga magidanta ita ce ta ina ake farawa in ana son kai uwargida da yara su ga teku, a wurin da ba za a sha wahalar abincin halal da masallaci ba. Zanzibar ce amsa mafi sauƙi. Tsibiri ne na ƙasar Tanzaniya a Tekun Indiya, mafi yawan mutanensa Musulmi ne, kuma ana iya tashi daga Kano a isa da canjin jirgi sau ɗaya. Abin da ke ɓata tafiyar shi ne yin aiki a hargitse, a sayi tikiti kafin biza, ko a kama otal kafin a san halin ruwan da ke gabansa. Ga jerin yadda ya kamata a bi, kuma a ba shirin wata huɗu cur. Ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Tsayar da lokaci

Damina babba a Zanzibar tana kamawa daga Maris zuwa Mayu. Otal yana araha a lokacin, amma ruwan sama na iya tsare ku a ɗaki kwana biyu a jere, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne mai iska, zafi bai tsananta ba, kuma ya yi daidai da dogon hutun makaranta na nan gida. Nuwamba da farkon Disamba akwai ɗan yayyafi, Janairu da Fabrairu kuwa zafi ne sosai.

Mai yara 'yan makaranta ya nufi ƙarshen Agusta ko makon farko na Satumba, lokacin da cunkoson Turawa ya fara raguwa. Kwana 6 zuwa 7 ya wadatar. Ƙasa da haka, gajiyar hanya ba za ta sake yaran ba kafin a juyo.

Gargaɗi: hutun Afrilu yana faɗawa tsakiyar damina. A watan azumi kuma yawancin gidajen abinci na cikin gari a rufe suke da rana, ƙananan yara za su wahala.

2. Fasfo ga kowa, har jariri

Kowane yaro da fasfonsa. Kafin fasfo sai da lambar NIN, yara 'yan ƙasa da shekara 16 ana yi musu rajista ne a jingine da lambar uba ko uwa. Tanadi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar asalin ƙaramar hukuma, wasiƙar amincewar uba ko uwa, da kwafin fasfon wanda ya sa hannu. Takardar da asibiti ke bayarwa ranar haihuwa ba ta tsaya a madadin ta Hukumar Ƙidaya ba.

Tun 1 ga Satumba 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Yara mai shafi 32 ya ishe su, kamanninsu za su sauya kafin ya ƙare. Iyali mai mutum biyar da babu mai fasfo a cikinsu, naira 500,000 ke nan tun kafin a taɓa maganar jirgi. Cika fom ɗin a shafin hukumar shige da fice, ka biya a can, ka zaɓi ofis da ranar ɗaukar hoto da yatsu. Dole a je da kowane yaro.

Wanda yake da fasfo tuni ya buɗe ya duba: sai ya rage aƙalla wata 6 daga ranar shiga Tanzaniya, da shafuka marasa tambari.

Gargaɗi: rubutun suna ne ke kayar da mutanenmu. Muhammad a NIN, Mohammed a takardar haihuwa, Muh'd a katin asibiti. Aisha a nan, Aishatu a can. Shimfiɗa takardun kowane yaro a kan tabarma ka gwada harafi da harafi, da ranar haihuwa, ka gyara kafin ka biya kuɗin fasfo. Gyara bayan an buga ya fi tsada, ya fi cin lokaci.

3. Katin allurar shawara

Najeriya na cikin ƙasashen da ake samun cutar shawara, don haka Tanzaniya tana neman katin rigakafi mai ruwan ɗorawa daga duk wanda ya kai shekara ɗaya. Ana rajista a intanet, a biya ta Remita, a je ofishin kiwon lafiya na tashar jirgi a Kano ko Abuja da fasfo da rasit. Yaron da aka yi wa allurar a wata tara ba sai an sake ba, a tafi da katin rigakafinsa na asibiti su ɗora bayanin a kan sabon katin.

Katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan allura, daga nan kuma har ƙarshen rayuwa. Kada ka karɓi katin da wani zai kawo maka gida ba tare da allura ba. Na gaske yana da lambar da ake haskawa a ga sunanka a na'ura.

Mai juna biyu da mai shayar da jariri ƙarami su ga likita kafin allurar. Haka in akwai mai sikila a cikin yaran, a kai shi asibiti tun yanzu a faɗa wa likita za a yi doguwar tafiya a jirgi kuma za a shiga ruwa, domin ƙishirwa da sanyin ruwa duk suna tayar da ciwon.

4. Biza: nan ne ake yin ɓarna

Za ka karanta cewa ana ba da bizar Tanzaniya a filin jirgi. Wannan ba da mai fasfon Najeriya ake ba. Najeriya tana cikin ƙasashen da sai an tura takardunsu ga manyan hukumar shige da fice sun amince tukuna, kuma hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema wata biyu kafin tafiya, kada kuma a biya kuɗin jirgi sai amsa ta fito.

Ga yadda ake yi:

a) Sa wakilin tafiye-tafiye ya kama maka kujeru ba tare da biya ba, ya ba ka takardar da ke nuna ranar zuwa da ta dawowa.

b) Kama otal a shafin da ke yarda a soke ba tare da asara ba, ka sauke takardar.

c) Shiga shafin biza na gwamnatin Tanzaniya, wanda adireshinsa ke ƙarewa da go.tz. Cika fom daban ga kowane mutum, ka ɗora hoton fuska da shafin farko na fasfo. Na yara a haɗa da takardar haihuwa da amincewar iyaye.

d) Biya dala 50 kan kowane fom da kati. Mutum biyar dala 250. Ba a mayar da kuɗin ko da an ƙi.

e) Rubuta lambar kowane fom a takarda, da ita ake duba inda aka kwana. In amsa ta fito, buga takardar amincewar kowa a ajiye.

A tura na kowa rana ɗaya, da otal ɗaya da ranaku iri ɗaya, don a gane iyali ɗaya ne. Amsa tana iya fitowa a rarrabe, na uba yau, na yaro bayan mako guda. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, amma kada a sayi tikiti sai na ƙarshe ya fito.

Gargaɗi na farko: akwai shafuka masu kama da na gwamnati da ke ninka kuɗin. Dubi adireshin da kyau.

Gargaɗi na biyu: in uwa ce za ta tafi da yara ita kaɗai, ko za a tafi da ɗan riƙo, ko ɗan abokiyar zama, ko ƙanwar uwargida da ba ta kai 18 ba, sai da wasiƙar amincewar iyayen da ba sa cikin tafiyar, da kwafin katin shaidarsu, a ƙara da takardar rantsuwa ta kotu. Jami'an Najeriya ne za su fara tambaya tun a Kano, kuma "ai ɗan yayana ne" ba hujja ba ce a gaban tebur.

5. Tikiti

Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano da Abuja zuwa Addis Ababa, kusan awa 5, sannan wani jirgin zuwa Zanzibar, kusan awa 3. Ga mutumin Zariya, Kano ta fi: tafiyar awa biyu da 'yan kai, ba sai an ratsa Kaduna da yara da akwatuna ba. Sai dai ba lallai a samu jirgi daga Kano kowace rana ba, don haka ranar tashi ce za ta tsara ranakun otal.

Tikiti shi ne kaso mafi girma a kasafin. Jariri ɗan ƙasa da shekara 2 yana zama a cinya, kuɗinsa kusan kashi 10 cikin 100 na babba ne, ban da haraji. Daga 2 zuwa 11 yana da kujera da ɗan rangwame. Daga 12 kuɗin babba ne. In yaro zai cika shekara 2 kafin ranar dawowa, faɗa wa wakili tun farko, don za a nemi kujerarsa.

Dubi tsawon jira a Addis Ababa kafin ka dubi farashi. Awa 2 zuwa 4 daidai ne. Ƙasa da awa ɗaya da rabi, gudu da goyo ne a filin jirgi mai faɗi. In jiran ya kai na kwana, tambayi wakili ko kamfanin zai ba da masauki, ya rubuta a kan tikitin. Nemi kujeru a jere tun ranar saye, da gadon jariri da ake maƙalawa a bango in akwai na goye.

6. Zaɓen gaɓar da za a sauka

Mutumin da ya tashi a Zariya ya san rafin Kubanni da dam ɗin Shika, ruwan da ke zaune inda ka bar shi. Teku ba haka yake ba. Sau biyu a yini yana cikowa, sau biyu yana janyewa, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Hoton otal ba ya nuna maka wannan.

A gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Bwejuu, Kiwengwa da Matemwe, in ruwa ya janye yana iya yin nisan ɗaruruwan mitoci, ya bar fili mai duwatsu da ciyawar ruwa da gonakin matan da ke nomanta. Ƙaramin yaro zai ji daɗin kududdufan da suka rage, amma ninkaya sai ruwa ya dawo. Paje kuma cike take da masu wasan lilo da iska a kan ruwa, igiyoyinsu haɗari ne ga yaro.

A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya yin nisa, ana iya shiga kusan kowane lokaci. Daga filin jirgi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce. Illarsu ita ce taro: mashaya, kiɗa, da baƙi masu shigar da ba ka so yaranka su yi ta kallo. Kendwa ma an san ta da casun dare a lokacin da wata ya cika.

Shawara ita ce a raba: kwana 2 a tsohon gari, wanda ake kira Stone Town, sauran a gaɓa ɗaya. Masu yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ke son sirri su kama gida sukutum a Jambiani ko Bwejuu, mai katanga da kicin. Masu manyan yara da ke son ruwa su je Nungwi, amma can gefe, nesa da tsakiyar gaɓar.

Kafin ka biya, tura wa otal waɗannan tambayoyi a rubuce: Mutum nawa aka yarda su kwana a ɗakin, har da jariri? Akwai gidan sauro a kowane gado, da na'urar sanyaya ɗaki, da janareta? Tafkin ninkaya yana da shinge, da ɓangaren yara? Ana dafa naman alade a kicin? Akwai mashaya ko gidan rawa a maƙwabta? Harajin kwana yana cikin farashin?

Wannan harajin gwamnati ne, ana biyansa kan kowane mutum a kowane dare gwargwadon darajar otal, kuma sau da yawa a hannu ake karɓa.

Gargaɗi: tsarin da ake cewa an haɗa komai a farashi ɗaya, har da giya aka lissafa. Kai da ba ka sha, kuɗin wasu kake tallafawa. Ɗauki mai karin kumallo da abincin dare, na rana ku ci a waje.

7. Inshora da guzuri

Tun 1 ga Oktoba 2024, duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar kamfanin gwamnatin tsibirin, Zanzibar Insurance Corporation, ko da yana da wata. Dala 44 ce ga babba, yara suna da rangwame, tana aiki har kwana 92. Saya a intanet bayan biza ta fito, ka buga takardar mai lambar haskawa.

Kuɗin ƙasar shilin ne, sulen nan da kakanninmu suka sani, kuma takarda mafi girma ita ce 10,000. Tafi da dala ka canza a can, naira ba ta da kasuwa. Duk inda za ka karɓi tsabar dala, ka dage a ba ka 'yan 50 da 100 sababbi, bugun 2009 zuwa sama, marasa yagewa da rubutu. Tsofaffi ana ƙin su, ƙanana kuma canjinsu ya fi faɗuwa. Canza a gidan canji mai lasisi a tsohon gari, ka nemi ƙananan shilin don kasuwa da tukuici. Kuɗin da ya haura dala 10,000 a hannu sai an bayyana wa kwastan.

Kada ka dogara da katin naira kaɗai. Tambayi bankinka iyakar abin da zai biya a waje, kuma ka sani otal da yawa suna ɗora wani kaso in da kati aka biya. Motar haya daga filin jirgi zuwa Nungwi ko Jambiani, ware mata dala 40 zuwa 60. Bayan ka haɗa jimillar komai, ƙara kashi 15 cikin 100 a ajiye gefe, a hannun uwargida, a jaka daban.

8. Haɗa kaya

Na ruwa: rigar ceto daidai jikin kowane yaro, takalmin roba mai rufe tafin ƙafa da yatsu, hula mai faɗi, riga mai dogon hannu ta ninkaya. Robar da ake hurawa a sa a damtse abin wasa ce, ba ta hana nutsewa. Uwargida da 'yan mata su tanadi kayan ninkaya masu rufe jiki, riga da wando da ɗankwalin da ke kama kai.

Na lafiya: farasitamol na yara, gishirin ORS da ƙwayar zinc, ma'aunin zafin jiki, filasta, hantsaki, maganin shafawa na sauro, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman kafaɗa da hanci da bayan wuya. Maganin da wani ke sha kullum ya zauna a kwalinsa, da takardar likita, a jakar hannu.

Na ciki: garin kunu, madarar da jariri ya saba da ita, taliyar yara, dabino, da yaji a gwangwani mai murfi. Kilishi da dambun nama a bar su gida, nama na cikin abin da ake iya ƙwacewa a kan iyaka.

Soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku. Keken jariri ba ya tafiya a rairayi, lungunan tsohon gari kuma matsattsu ne, zanen goyo ya fi shi.

Gargaɗi: Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun Yuni 2019. Kada a ƙunsa takalma da yaji a baƙar leda kamar yadda aka saba. A yi amfani da jakar yadi.

9. Ranar tafiya

A kasance a filin jirgi awa 3 kafin tashi. Daga Zariya a fita da rarar awa biyu a kan haka, ko a kwana a Kano wurin 'yan uwa in jirgin na hantsi ne. Takardun kowa su zauna a jaka ɗaya a hannun mutum ɗaya, kowane fasfo da bizarsa da katinsa da inshorarsa a ciki. Ɗauki hotonsu duka a waya biyu.

Jakar hannu ta ƙunshi kayan sauyi ɗaya na kowa, famfas na kwana biyu, da rigar sanyi, domin Addis Ababa tana kan tudu sama da mita 2,300, da dare sanyinta ya yi kama da hunturun Samaru. Lokacin tashi da sauka a ba jariri nono, manya a ba su alewa su tsotsa, kunne ba zai yi ciwo ba. A sa wa kowane yaro takarda a aljihu mai sunan otal da lambar waya.

Agogon Habasha da Tanzaniya yana gaban namu da awa 2. Lokacin da ke kan tikiti na garin da kake ne.

10. Isa da tsara kwanaki

Sa otal ya turo mota, a daidaita kuɗi tun kafin a taso. Sayi layin Vodacom ko Airtel da fasfo. Ranar farko hutu ce kawai.

Ka lura da ƙirgen lokacinsu. Waswahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, abin da suke kira "saa moja" ƙarfe 7 ne, "saa mbili" ƙarfe 8. In direba ya faɗi lokaci, nuna masa a fuskar waya ku tabbatar.

Fita ɗaya a rana ta isa, da safe, a dawo kafin azahar a yi ƙailula. Waɗanda suka dace da yara:

Tsibirin Changuu, kusan rabin awa a kwale-kwale daga tsohon gari, inda ake ganin manyan kunkuru. Dajin Jozani, mai jajayen birai da ba a samun irinsu sai a Zanzibar, tafiyar ƙafa ce gajera, kada a taɓa su ko a ba su abinci. Gonakin kayan ƙamshi a Kizimbani, inda yaro zai ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu. Tafkin kififiya a Nungwi. Lambun Forodhani bayan magariba, a riƙe hannun yara saboda taro da bakin ruwa.

Waɗanda za a tsallake in akwai ƙanana: bin kifin dolfin a Kizimkazi, don gudu ake yi a buɗaɗɗen teku da sassafe, da tsibirin yashi na Nakupenda, wanda babu bishiya ko ɗaya a kansa.

A bakin ruwa samari za su tare ka da tayin yawo, "papasi" ake ce musu. "Hapana, asante" ta wadatar, wato a'a, na gode. Kada ka ba kowa kuɗin kafin alƙalami a rairayi. Koya wa yara su gaida dattijo da "shikamoo", zai amsa da "marahaba", su ji abin da ya yi kama da maraba ta gida.

11. Yara da teku

Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma yawancin yaranmu, da iyayen ma, ba su iya ninkaya ba. A mafi yawan gaɓar babu mai gadin ceto.

Kowace safiya tambayi ma'aikatan otal ƙarfe nawa ruwa zai ciko. In kun bi shi ciki lokacin da ya janye, ku juyo tun awa ɗaya kafin ya fara dawowa, domin yana fara cike ramukan da ke bayanku ne kafin ku ankara.

Duk lokacin da yaro ke cikin ruwa, babba ɗaya ya zama aikinsa kallo ne kaɗai, ba waya, ba hira, kuma a faɗa da baki: "Maman Abba, ke ce a kansu yanzu." Ɗan ƙasa da shekara 5 kada ya wuce inda hannu zai kai. Nutsewar yaro ba ta da ihu, shiru take faruwa. Kada a ɗora wa yaya 'yar shekara goma wannan nauyin. Tafkin otal ma haka, a kulle ƙofar ɗaki ta sama lokacin barcin rana.

Kafin a hau kwale-kwale, ƙirga rigunan ceto da idonka, a sa wa kowa tun a tudu. In babu ta yara, ga taku da kuka zo da ita. Daga Yuni zuwa Satumba iska tana ƙaruwa da yamma, a fita da safe.

Gargaɗi ga mata: dogon hijabi da abaya in sun jiƙe suna nauyi su naɗe ƙafa, a kwale-kwale kuma iska na iya kai gefensu ga inji. A tattare, a zauna nesa da injin.

Man rana a shafa minti 20 kafin fita, a sake bayan kowace awa 2 da bayan fitowa daga ruwa. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 a zauna a inuwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba, inuwa da tufafi ne kariyarsa.

In yaro ya taka bushiyar ruwa, baƙar aba mai ƙayoyi da ke maƙale a duwatsu, jiƙa ƙafar a ruwa mai ɗumi sosai wanda hannunka zai iya jurewa, minti 30 ko fiye, ka cire ƙayoyin da ke waje da hantsaki. Kada a tona da allura, karyewa suke yi. In ya kumbura ko ƙaya ta shiga gaɓa, sai asibiti. In wata halitta mai kama da farar leda ta harbe shi, wanke da ruwan teku, kada a goge da tawul, kada a zuba ruwan sha. Zazzaɓi kuwa, ko a can ko bayan an dawo, a yi gwajin maleriya kafin a ba da magani. Lambar kiran gaggawa tana kan takardar inshora.

12. Ci da salla

Ruwan gora mai hatimi kaɗai za a sha, da shi za a haɗa madara a wanke baki. Yaro mai tsantsani zai karɓi chipsi mayai, wato dankali da ƙwai, ko chapati, ko mandazi mai kama da fanke. Pilau da biriyani shinkafa ce mai kayan ƙamshi, mishkaki ɗan uwan tsire ne, ugali kuma tuwon masara ne mai tauri. Abincinsu ba shi da yaji irin namu, nan gwangwanin nan zai yi rana. A Forodhani a zaɓi abin da aka gasa a gabanka, a tambayi kuɗi kafin a ɗora a wuta. Kifi da jatan landen da aka jera tun la'asar ba na cikin yaro ba ne.

Alƙibla a Zanzibar arewa take, kusan sak, kada sabo ya juya ka gabas. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla da ƙunutin asuba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ya daina ƙasaru, sai a lissafa da zaman gaɓar.

13. Dawowa

Tsaraba a saya a kasuwar Darajani: kanumfari, kirfa, masoro, da zanen kanga da ake sayarwa bibbiyu. Ana ciniki kamar a kasuwar Sabon Gari. Kowane kanga yana da rubutu a gefe, wasu habaici ne, a sa mai shago ya fassara kafin a kai wa suruka.

A zazzage aljihun yara da jakunkunansu, fitar da ƙwanson teku da murjani daga ƙasar laifi ne. Shilin da ya rage a mayar da shi dala kafin a shiga filin jirgi, 'yan canjin gida ba sa karɓa. Daren ƙarshe a kwana a tsohon gari, minti 15 ne zuwa filin jirgi, kayan ninkaya kuma a shanya su tun da rana don kada su ƙara wa akwati nauyi.